Tsokar Wuyan Yaya Arzika

Da sunan Allah mai saukar da cuta da maganinta. Na rubuta wannan ne domin duk wanda wata rana likita zai miƙa wa ɗan butali, wato ƴar kwalba, da naman ɗan'uwansa a ciki, ya ce ya kai gaba. Mu babu wanda ya gaya mana yadda ake riƙon irin wannan amana, sai da muka koya a jikin mutum.

Lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta Babankatami, ƴan shekaru bayan babban fari. Gidanmu kuwa yana Urno, a hannun wana Arzika. Tun muna yara aka raba mana aiki: ranar da aka zo ɗaukar yaran lakwal, mahaifinmu ya ɓoye Arzika cikin rumbu ya miƙa ni, domin shi ne mai amfani. Ni na zama Mushe, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, shi kuma ya zama wanda gidan duka ke ci daga hauyarsa, har da Mushen in albashi ya makara.

Da bazara na je gida, matarsa Kuluwa ta tare ni tun ban kwance kaya daga keke ba.

"Mushe, kai da kas san komi, duba wuyan wanka. Wani abu ya tsiro mai awa gujiya."

Arzika ya ja wuyan riga ya rufe. "Ƙyale ta. Kaluluwa ta, ƙaya tas soke ni."

Na taɓa. Ƙululu ne ƙarƙashin muƙamuƙi, mai tauri, ba zafi. Ban san komi a kansa ba, amma na yi irin fuskar da nake yi in ɗalibi ya tambaye ni abin da babu a littafi, na ce a sa ido. Aka sa ido. Ido bai hana shi girma ba. Kafin in sake zuwa ya kai ƙwan zabo, ya kuma yi ƙane a gefe. Zazzaɓi na kama shi da la'asar, gumi na jiƙa tabarma, tuwon da yake share akushi guda ya koma yana tsakura.

Muka fara da ƙaramin asibiti, wurin majo, wato shugaban masu jinya. Mutumin kirki ne, ya yi masa allura ta sati guda, ƙululu ya sha allura ya ƙara ƙiba. Majo bai yi girman kai ba, ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya tura mu babban asibiti. Allah ya saka masa. Na san waɗanda da sai sun ƙarar da alluran sito a jikin mutum kafin su faɗi haka.

A babban asibiti na ga wani tsari da ya kamata a koyar a darasin zaman jama'a. Mutane ba su tsayawa layi, takalmansu ke tsayawa. Kowa ya ajiye nasa ya koma inuwar bedi, ana matsar da su da ƙafa. Wanda ya zo ba takalmi sai ya sa dutse. Takalman Arzika sun yi kwanaki suna ganin ƙofar likita kafin mai su ya gan ta. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka duba kaki, aka duba jini, aka ce ba a ga abin kamawa ba.

Likitan saurayi ne, ɗan ƙasa, idanunsa jajur don gajiya. Da ya ji ni malami ne sai ya juya Faransanci, ni kuma ina mayar wa Arzika. Ya ce abu biyu yake zato. Ɗaya tibi ce da ta bar huhu ta zauna cikin kaluluwa, tana da magani, gwamnati ma ke bayarwa, sai dai ba a fitar da shi daga sito sai da shaida. Ɗayan ciwon daji ne, wanda a nan ba su da abin yi masa. Hannu ba ya rarrabe su. Sai an yanki ƴar tsoka an aika inda ake dubawa da madubi mai girmama abu. Sunan aikin biyopsi. Ya ƙara da maganar da har yau ban manta ba:

"Ba ni yin maganin cutar da ban san sunanta ba."

Arzika ya ce, "Mi yac ce?"

Na ce, "Za a ɗanɗana ka, kamar yadda ake yankar kabewa a kasuwa a ga cikinta."

"To, su ɗanɗana."

Yankan bai daɗe ba. An kashe wurin da allura, ya fito da ƙafarsa, wuya a naɗe. Likita ya ɗaga ɗan butali mai murfin roba, ruwa fari a ciki mai warin da ke sa hawaye, formol sunansa, ga ƴar tsoka ta kwanta a ƙasa. Arzika ya leƙa ya taɓe baki.

"Wanga ɗan abu? Ko kyanwa ba ta gode ma."

Likita ya ce motar asibiti ba ta da ranar zuwa Yamai, in muna da mai tafiya gara mu kai da kanmu. Ya ce ruwan nan yana tsare naman, ko ya yi makonni ba ya lalacewa, kada dai a buɗe. Wannan kwantar da hankali shi ya cuce mu. Lokacin jarrabawar satifika ne, malami ba ya barin aji sai da izinin sufeto. Na mai da Arzika Urno, na naɗe butalin da takardarsa cikin tsumma, na sa a ƙwarya a ragayar ɗakin Kuluwa, na ce kada kowa ya taɓa. Ta ce to. Na koma Babankatami neman izini, izini kuwa ya yi tafiyarsa ta izini, daga tebur zuwa tebur, har aka gama jarrabawa.

Abin da ban sa cikin lissafi ba shi ne dubiya. A garinmu in mutum ya dawo daga asibiti da ɗinki a wuya, gari ne ke zuwa gaishe shi. Kowa ya zauna ya ce sannu, ya tambayi me aka yi, a ce an cire wani abu, ya ce ina abin. Kuluwa ba ta iya hana surukai da dattawa ba. Butali ya sauko daga ragaya ya shiga yawo hannu zuwa hannu, ana ɗaga shi ga rana, ana salati. Cikin masu dubiyar har da wani maƙwabcin gona da suka daɗe suna jayayya da Arzika a kan iyaka. An ce ya riƙe butalin ya fi kowa daɗewa.

Labarin ya kai kunnen Kawu Nomau, wan mahaifiyarmu. Gidan su Kawu gidan azna ne tun kakanni. Ya kama salla da furfura a kansa, yana yin ta kuma ba fashi, amma har lokacin in damina ta ƙarato yakan ɓace da safe da ƙwaryar fura ya nufi wani dutse, ya dawo da ita wayam.

Da na iso da izinina a aljihu, na tarar da shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Muka gaisa. Ya ciro wani ɗan butali mai murfin roba daga aljihu, ya zazzaga garin taba a tafin hannu. Na san murfin nan.

"Kawu, ina abin da ke ciki?"

"Mun yi mai sutura."

"Sutura?"

"Naman mutum na, Mushe, ba kilishi ba. Na wanke shi, na sa mai ɗan ƙyalle hwari, na binne. Butalin ko na wanke da toka, yana da kyau, ba ya shan iska."

Na ce Yamai za a kai shi a duba.

"Wa za shi dubawa?"

"Likitoci."

"Ka san su? Ka san sunan uban ko guda? Nan garin, inda munka san kowa, ka ga wanda yar riƙe shi yana jujjuyawa. Gashin kanka in wanzami ya aske, barin shi kakai ga iska? Cibiyarka ni na gina ramin da anka sa ta. Wanda yar riƙe tsokar mutum ya riƙe mutum. Kai ko za ka ɗauka ka kai ma baƙi har gida, da kuɗɗin motarka."

Na yi masa bayani irin na aji, daki-daki, da misalai. Ya saurara da ladabi kamar yadda ake sauraron mai tallar abin da ba za a saya ba. Daga ƙarshe ya ce ai har liman an tambaya. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Kawu da liman sun haɗu a kan magana ɗaya ba, ko ta ganin wata, sai a kan wuyan wana.

Na tafi wurin liman da zafina. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Mushe, an tambaye ni mi aka yi da abin da anka yanke daga jikin ɗan Adam, nac ce a binne. Ba wanda yac ce mani magani za a nema da shi. Da an hwaɗi, da na ce a kai. Tahi ka tono."

Na komo wurin Kawu na ce ya nuna mini ramin, ko Allah zai sa a sami abin dubawa.

"Na manta."

"Kawu."

"To, ban manta ba. Ba ni hwaɗi. In na nuna ma, yamma ba ta yi sai gari ya sani."

Na roƙe shi da girman mahaifiyarmu, na haɗa shi da liman, na yi fushi, na dawo na yi lallashi. Tsohon nan bai motsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mugunta ba ce. A ganinsa ya ceci ɗan ƙanwarsa, yana jiran a gode masa.

Na shiga wurin Arzika na ce sai mu koma a sake yanka. Ya dube ni ta gefe, don wuyan bai juyuwa.

"Ni ragon layya na, da za a yi ta yanka ana rabo? An ɗanɗana sau guda, ya isa."

Na koma asibiti ni kaɗai na roƙi likita ya ba da maganin tibin a gwada. Ya riƙe kai da na gaya masa inda tsokar take. Ya ce ba shi da ikon fitar da magani ba shaida, kuma taurin ƙululun nan ya fi karkata zuciyarsa ga ɗayan ciwon. In kawo mutum a sake. Na ce mutum ya ƙi. Ya ce to, ya kira na gaba.

A satin nan ruwan shuka ya sauka, magana ta mutu. Manomi ba ya kwanciya asibiti ƙasa na jiƙe. Arzika ya yi shuka. Noman farko ya kai rabi ya zauna a gindin gawo, hauya a cinya, yana haki. Na zo hutun damina na karɓi hauyar, hannuna na alli ya yi bororo tun kafin hantsi. Samarin unguwa ne suka yi mana gayya suka fid da gonar, maƙwabcin nan na iyaka yana cikinsu da ƴaƴansa. Allah ya biya su. Abin da aka samu a kakar dai bai kai rabin na kullum ba.

Masu shawara kuwa ba su yi fari ba. Wata gwaggo ta kawo sassaƙe daga wajen Ibohamane, aka jiƙa ya sha ya yi ta amai. Aka yi rubutu, wannan ban hana ba. Aka kawo wanzami ya yi ƙaho, da ƙaho bai yi ba sai Kawu ya sa aka yi sakiya, aka ƙona ƙululun da jan ƙarfe ranar da na tafi kasuwar Madawa. Daga nan wurin ya ɓare ya riƙa zubar da ruwa, ba ya warkewa. Wasu ƙululun suka fito a hammata. An sayar da akuyoyin Kuluwa ɗaya bayan ɗaya a kan waɗannan magunguna, alhali maganin da ake bayarwa kyauta yana can cikin sito yana jiran takarda.

Jinyar a kan Kuluwa ta faɗa. Ita ke tafasa tsummoki ta shanya, ita ke wanke gyambon safe da yamma, ta dama kunu ta ba shi da ludayi, ta kore ƙuda. Ta daina yi mini wasan da matar wa ke yi wa ƙanen miji. Ran nan tana wanki ta ce, ba ta ɗago kai ba, "Da na ce masu butalin yana wurinka." Na ce da ni ma na tafi da shi. Muka bar maganar nan, don ba ta cika tukunya.

Bayan girbi Arzika ya koma kamar karan dawa. Mutumin da ke ɗora buhu a kan jaki shi kaɗai, sai an riƙe shi zuwa bayan gida. Liman ya zo ya zauna kusa da shi ya ce neman magani ba ya ɓata tawakkali, kuma rai ya fi tsoka. Kuluwa kuwa ba ta yi wa'azi ba, ta jera masa yaransa a bakin ƙofa ta ce ya dube su. Da suka fita Arzika ya kira ni.

"Na yarda a yanka. Amma da sharaɗi. In sun gama dubawa, ka maido mani abina a binne nan. Ba ni son in tashi gaban Allah da gurbi."

Na ce na ɗauki alkawari. Da zuciya ɗaya na faɗa. A zatona abin kamar takardar jarrabawa ne, a duba a sa maki a mayar wa mai ita.

Likita ya ga gyambon sakiya ya yi maganganu da Faransanci waɗanda ban fassara ba. Ya yanki ta hammata. Wannan karon daga ƙofar ɗakin yanka tasha na nufa, butali cikin aljihun ƙirji, ba izinin sufeto ba sallama da kowa. A wani shinge bayan Dogonduci jandarma ya ga aljihuna a kumbure ya ce mene ne. Na ce naman wana ne. Ya karanta takardar likita sau biyu, ya miƙo mini da yatsu biyu. Da na koma mota fasinjoji suka matsa. Tun da nake shiga motar haya ban taɓa samun wurin miƙe ƙafa ba sai ran nan.

A Yamai na miƙa ta wata taga, aka rubuta lamba. Na tambayi ma'aikacin yaushe zan zo karɓar saura. Ya ce babu saura. Jirgi zai kai shi Dakar, a can a daskarar da shi cikin kakin kyandir, a fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, a manna a gilashi. Takarda kaɗai ke dawowa. Wani da ke bayana a layi, da ya ji damuwata, ya ce, "Malam, sayi tsire ka gutsura ka sa a butali. Wa zai gane?" Har na kai tasha ina juya shawarar nan. Na tuna cewa za a yi wa tsiren sutura da addu'a, na bar ta.

Jiran takarda ya ci makonni. Duk ranar da babu aji ina kan hanyar asibiti, ana ce mini ba ta zo ba. Arzika yana kwance a can, Kuluwa na dafa masa kunu a murhun duwatsu bayan ɗakin marasa lafiya tare da sauran mata masu jinya, suna arar wa juna gishiri. Da ta zo, layi biyu ne. Tibi ce. Wadda ke da magani. Likita ya ajiye takardar ya ce, "Da ta farko ta tafi, da da hannunsa ya yi noman bana."

Aka fara allura kullum har wajen wata biyu, da ƙwayoyi na shekara. Zazzaɓi ya sauka, gyambo ya fara kamewa, ya nemi tuwo da bakinsa. Sai dai allurar mai ƙarfi ce, jikin kuwa ya riga ya ƙare. Ta taɓa masa ji. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama sai an ɗaga murya, in ya tashi tsaye kuma ƙasa na juya masa. Likita ya ce tana yin haka ga wasu. Ya rayu, alhamdu lillahi. Bai sake yin noman yini guda cur ba.

Don haka ga abin da nake gaya wa kowa. In an ba ka butalin nan, kada ya kwana a gida, kada ya ga ƴan dubiya. In za ka tambayi malami hukunci, gaya masa dalilin yankan, kada ka kai masa rabin tambaya. Likitoci kuma, don Allah, ku riƙa faɗa wa dangi da Hausa abin da za a yi da naman da inda zai ƙare, gaban dattawan gidan, ba ga mai jin Faransanci kaɗai ba.

Maganar alkawari na yi ta kauce mata har Arzika ya dawo Urno ya fara zama ƙofar gida. Ran nan da hantsi, Kawu na gefe da igiyarsa, mutane na wucewa kasuwa, Arzika ya ce, "Mushe, ina abina?"

Na matsa kusa na ce a hankali ba ya dawowa.

"Mi?"

Na ƙara murya.

"Ɗaga murya, kana magana awa amarya!"

Haka na tsaya tsakiyar unguwa ina kururuwa cewa tsokarsa tana Dakar, an fere ta an manna a gilashi, ba za ta dawo ba har abada. Masu wucewa suka tsaya. Kawu ya ajiye igiya ya dubi jama'a.

"Kun ji ko? Tawa dai na san inda take."

Arzika bai kula shi ba, wataƙila ma bai ji ba. Ya daɗe yana shafa tabon hammatarsa ta cikin riga. Can ya ce, "Dakar ɗin nan, akwai Musulmi?"

Na yi ihu na ce akwai, da yawa.

"To. Wanda za shi tada ni ya san hanya." Ya miƙo hannu in tashe shi, ya riƙe kafaɗata har jirin ya lafa. "Amma kai, Mushe, kada ka ƙara ɗaukar mani alkawalin abin da ba hannunka yake ba."